Nikon Coolpix P950: bitar kyamara ga mai koyon ɗaukar bidiyon namun daji da kansa

Matsalar farko da mai son ɗaukar bidiyon namun daji yake cin karo da ita ita ce nisa. Zalɓe a bakin fadama yakan tashi tun kana taku 50 daga inda yake, gwanki kuwa da zarar iska ta kai masa warin mutum ya shige kurmi. Wayar hannu, kome tsadarta, tana mayar da tsuntsun da ke nesa ɗigon tawada. Manyan kyamarori masu canjin gilashi suna magance wannan, amma dogon gilashinsu shi kaɗai yakan ninka kuɗin kyamarar da ake magana a kanta a nan. An yi Nikon Coolpix P950 domin cike wannan giɓi, kuma abin tambaya shi ne ko wanda ba shi da malami, yana koyo a tsakar gida da bayan gari, zai ci moriyar kuɗinsa a kanta.

Zai ci, in har ya ware kuɗin turke mai ƙafa uku da na makirufo tun kafin ya biya kuɗin kyamarar, kuma ya yarda cewa lambar 2000 da aka buga a jikin kwali ba ita ce wurin aikinsa na kullum ba.

Abin da ke cikinta

Ta fito a farkon 2020, a kan kimanin dala 800 a Amurka. Gilashinta a manne yake, ba a cire shi, kuma yana zuƙo abu ninki 83, daga milimita 24 zuwa 2000 a ma'aunin manyan kyamarori. Ainihin tsawonsa daga 4.3 ne zuwa 357. Abin da ya sa yake aiki kamar 2000 shi ne ƙanƙantar farantin da ke karɓar haske a ciki, wanda ake kira sansa: kusan milimita 6 a faɗi, 4 da rabi a tsaye, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Alherin kyamarar da naƙasunta duka daga nan suka samo asali. Ƙaramin sansa ne ya sa aka iya cusa irin wannan zuƙowa a jikin da nauyinsa kilo ɗaya ne da ɗan ɗoriya, kuma shi ne ya sa take gazawa da zarar haske ya yi ƙasa.

Tana ɗaukar 4K, wato bidiyo mafi kaifi da take iya yi, a kan hoto 25 ko 30 a daƙiƙa, da 1080, wanda bai kai shi kaifi ba, har zuwa hoto 50 ko 60. Tana da kafar makirufo ta milimita 3.5, da gurbin ɗora makirufo ko fitila a samanta, da allo mai juyawa na inci 3.2 wanda ba ya amsa taɓawa, da mahangar ido mai kyau ƙwarai, wadda ita ce abin dogaro a cikin rana domin allon yakan dushe. Ba ta da kafar abin sauraro na kunne. Ba a toshe jikinta daga ƙura da ruwa ba. Ɗauka ɗaya ba ta wuce minti 29, wanda ba matsala ba ne a wannan aiki.

A kasuwa za a iya miƙo maka P900, tsohuwar 'yar'uwarta ta Nikon, a ce duk ɗaya ne, tunda ita ma ninki 83 take zuƙowa. Ga mai bidiyo ba ɗaya ba ne: P900 ta 2015 ba ta da 4K, ba ta kuma da kafar makirufo. P1000 da P1100 suna kai wa 3000, amma nauyinsu ya haura kilo 1.4, kuma ƙarin dubun nan ɗaya a ƙasar zafi yawanci kawalwalniya kawai yake ƙara nunawa.

Milimita 2000 a fili

Idan aka zuƙo gilashin har ƙarshe, abin da kyamarar take gani bai wuce digiri ɗaya a faɗi ba. A nisan mita 50, faɗin hoton gaba ɗaya bai cika mita ɗaya ba. Shamuwa a kan kuka za ta cika allo har ka ga ƙiftawar idonta, kuma ranar farko wannan yakan ruɗi kowa. Sai dai motsin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba yana gusar da hoton da kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa. Bugun zuciyar mai riƙe da kyamara ya isa ya yi haka. Na'urar hana rawa da ke cikin gilashin tana da ƙarfi, har ana iya ɗaukar hoton tsaye da hannu a 2000 idan da rana, amma bidiyo wani abu ne daban, domin mai kallo zai ga kowane lilo har tsawon daƙiƙa goma.

Abokin gaba na biyu ya fi rawar hannu, domin ba a sayen maganinsa. Da rana ta ɗaga ƙasa ta ɗauki zafi, iskar da ke kanta tana hawa a murɗe, kuma dogon gilashi yana tattara duk wannan murɗewa tsakaninka da dabbar ya zuba a hoto. Gashin tsuntsu zai narke, ƙafafun barewa su riƙa lanƙwashewa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Masu koyo da yawa sukan ɗauka saitin gani ne ya ɓaci, su yi ta murɗa shi a banza, wasu har su mayar da kyamarar shago. A watannin Maris zuwa Mayu wannan yana farawa tun wajen ƙarfe tara na safe a kan fili mai yashi ko dutse. A kan ruwa da ciyawa mai laima yakan ɗan jinkirta. Da hunturu kuma hazo ne yake cinye launi da kaifi, kuma gwargwadon nisan abu gwargwadon kaurin hazon da ke tsakani.

Saboda haka wurin da wannan kyamara take fitar da aiki mai kyau shi ne tsakanin 600 da 1200, a nisan mita 10 zuwa 30, cikin awa biyun farko bayan fitowar rana da awa ɗaya da rabi kafin faɗuwarta. A nan hoton 4K yana da kaifi, launin gashi yana fitowa, bayan dabbar yana narkewa yadda ake so. A ajiye 2000 domin ƙaramin tsuntsu da ke kusa, ko kan dabba da idonta, ko abin da ba a da wata hanyar samunsa. A ƙarshen zuƙowa ba ta iya saita gani a kan abin da ya gaza mita 5.

Nemo tsuntsu a cikin digiri ɗaya ma wahala ce. A gefen gilashin akwai maɓallin da idan ka danne shi hoton yake ja da baya ka ga fili, ka saka dabbar a tsakiya, ka saki ya koma inda yake. Wannan maɓalli yana daga cikin abubuwan da Nikon ya yi da tunani. A yi amfani da shi kafin a fara ɗauka. Zuƙowa ana cikin ɗauka tana zuwa da tsalle-tsalle, ga ƙarar injin da ke shiga sauti, kuma wajen tacewa yanke ta ake yi a zubar.

Saitin da za a fara da shi

A kan faifan sama akwai alamar tsuntsu da ta wata. Sun dace da hoton tsaye. Mai bidiyo ya juya zuwa alamar kyamarar fim mai harafin M, inda shi zai riƙe ƙofar haske da saurin ƙiftawa da ISO, wato ƙarfin jin haske na sansa, da hannunsa. Nan ne karatun yake, kuma samun wannan a kyamara mai wannan farashi shi ne babban dalilin ba da shawarar a saye ta domin koyo.

A fara da zaɓen hoto 25 a daƙiƙa, domin wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50, kuma idan wata rana aka haɗa da abin da aka ɗauka a ƙarƙashin fitila ba za a ga ɓari ba. Ƙa'idar saurin ƙiftawa ita ce ninki biyu na yawan hotuna, wato 1/50 na daƙiƙa. Wannan ya dace da giwa, ɓauna, raƙumin dawa da duk dabba mai tafiyar ƙasaita. Ga ƙananan tsuntsaye masu fizgar kai 1/50 yakan shafe fuskar, gara 1/100 zuwa 1/200. Idan aka wuce 1/500 motsi yana zama tsinke-tsinke, fuka-fuki su riƙa bayyana suna ɓacewa. Wanda yake son sassauta motsi, kamar saukar dinya a kan ruwa, ya koma 1080 a kan hoto 50 da ƙiftawa 1/100 ko 1/200, sannan ya rage gudun da rabi a kwamfuta.

Daga nan sai matsalar da ba a faɗa a shago. Ƙofar hasken gilashin tana buɗewa 2.8 a kusa, 6.5 a ƙarshen zuƙowa, kuma ba ta tsukewa fiye da 8. A cikin tsakar rana, da ISO 100 da ƙofa 8, ƙiftawar da ta dace kusan 1/400 ce. Idan ka dage a kan 1/50, hasken da ke shiga ya ninka abin da ake buƙata sau 8, hoton ya ƙone fari fat. Maganinsa baƙar filta da ake murɗawa a bakin gilashi, mai faɗin milimita 67. ND8 tana rage haske sau 8, ND16 sau 16. Ta biyun ta fi dacewa a kan ruwa ko farin yashi, kuma tana ba da damar barin ƙofar a 6.5, domin a ƙaramin sansa tsuke ƙofa zuwa 8 yana ɗan dusar da kaifi. A guji filtar nan mai araha da ake juyawa tana ƙara duhu. A gajeren gilashi ba a ganin aibinta, amma a 1000 zuwa sama takan mayar da hoto kamar an shafa masa man kaɗe. Da sassafe ba a buƙatar filta sam.

ISO 100 zuwa 400 tsaf yake. A 800 layukan gashin tsuntsu sun fara haɗewa, a 1600 hoton ya zama na shaida kawai, a nuna cewa an ga dabbar. Wannan yana nufin a ƙarƙashin kurmin bakin kogi, ko bayan rana ta faɗi lokacin da dorina take fitowa kiwo, kyamarar ta gama aikinta. Babu saitin da zai canja wannan.

Ma'aunin farin launi a kafe shi a kan hasken rana. Idan aka bar shi yana zaɓa da kansa, dabba tana wucewa daga ciyawa zuwa jar ƙasa launin hoton zai sauya a tsakiyar ɗauka. Salon launi kuma a zaɓi wanda aka rubuta Neutral, domin sansan ba ya iya riƙe fari mai ƙarfi da baƙi mai ƙarfi a lokaci guda. Balbela ce jarrabawar wannan: idan aka auna haske da bayan saniya ko ciyawar da take tsaye a kai, gashinta yana ƙonewa, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa a tacewa. A rage haske da kusan mataki ɗaya, wato rabinsa, har sai an ga layin fuka-fukinta. Shirwa ko hankaka a kan reshe da sararin sama a baya akasin haka suke so, a ƙara mataki ɗaya, in ba haka ba inuwa kawai za a samu.

Saitin gani, inda ta fi rauni

Kyamarar tana nemo kaifi ta hanyar gwada gaba da baya har ta dace. Ga dabbar da ke tsaye a fili wannan ya wadatar. Ga cilakowa a cikin rassan ƙaya, ko fakara a cikin ciyawa, takan kama reshen gaba ta bar tsuntsun. Idan aka sa ta a kan AF-F, wato ta riƙa bi da kanta ana cikin ɗauka, za ta riƙa numfashi, hoton yana shiga yana fita, har a kan abin da bai motsa ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce AF-S, mai saita gani sau ɗaya ta tsaya: a saita a kan ido ko kai, a fara ɗauka, a bar shi a nan. Inda rassa suka yi yawa a koma saitin hannu da ƙaramin faifan da ke gefen gilashi, a kunna alamar da ke haska gefen abin da ya yi kaifi. A nisan mita 10 da cikakkiyar zuƙowa, zurfin wurin da ke da kaifi bai kai faɗin tafin hannu ba, don haka tsuntsu yana yin taku biyu gaba sai an sake.

Tsuntsu a cikin tashi ya fi ƙarfinta. Gauraka ko shamuwa mai shawagi a nesa, a 400 zuwa 600, za a iya samu da haƙuri. Tsattsewa kuwa kada a ɓata batir. Wanda tashin tsuntsaye ne burinsa ya dubi Sony RX10 IV, mai babban sansa da saitin gani mai sauri, wadda ta tsaya a 600 kuma kuɗinta lokacin fitowarta ya ninka na wannan.

Tirafod da sauti

Turke mai ƙafa uku, wanda masu sana'a ke kira tirafod, rabin kyamarar ne. Irin siririn nan da ake bayarwa kyauta da kyamara ko ake ɗora waya a kai ba zai yi ba, iskar hunturu kaɗai za ta riƙa kaɗa shi. Ana buƙatar mai nauyin kilo 2 zuwa 3, da kan bidiyo mai ruwan mai a ciki wanda yake juyawa a hankali ba tare da fizga ba. A nemi mai dogon faranti mai zamewa, domin idan gilashin ya miƙe nauyi yana komawa gaba, kai ya riƙa sunkuyawa bayan ka saita. A zame farantin baya har kyamarar ta tsaya da kanta. Kada a ɗaga sandar tsakiya, a buɗe ƙafafu masu kauri kafin sirara, a rataya jaka a ƙasa domin ƙarin nauyi, a cire igiyar wuya domin iska tana kaɗa ta.

A kan tirafod a kashe na'urar hana rawa. Idan tana kunne takan yi ta neman motsin da babu, hoton ya riƙa zamewa a hankali, kuma idan ka fara juyawa za ta yi gardama da kai sannan ta saki da tsalle. Danna maɓallin ɗauka da yatsa ma yana girgiza daƙiƙa biyu ko uku na farko, shi ya sa ƙaramin rimot ML-L7 ya cancanci kuɗinsa. Wanda ba shi da shi ya fara ɗauka da wuri, ya ɗage hannu, ya yanke farkon daga baya.

A cikin motar zagaya daji, kamar a Yankari, tirafod ba ya aiki. A ɗinka 'yar jaka ta yadi mai kauri, a zuba mata tiya ɗaya ta gero ko shinkafa, a ɗora a bakin taga, a kwantar da gilashin a kai, a roƙi direba ya kashe inji. Wannan jaka ta fi tirafod amfani kuma idan ana so a kwanta a ƙasa a ɗauki tsuntsun ruwa daidai tsayin idonsa.

Makirufon cikin kyamara yana jin injin zuƙowa, numfashinka da iska fiye da yadda yake jin daji. Ƙaramin makirufo irin Rode VideoMicro, da rigarsa mai gashi ta tare iska, yana gyara wannan kuma ba ya buƙatar batir. Sai dai makirufo ba ya zuƙowa. Kurciyar da ta cika allo daga mita 40 kukanta zai fito can ƙasa-ƙasa. Masu wannan aiki daban suke ɗaukar sauti: a ajiye ƙaramar na'ura irin Zoom H1n, ko waya, kusa da inda tsuntsaye ke sauka, a bar ta tana ɗauka, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara domin a samu wurin daidaitawa. A kowane wuri kuma a ɗauki minti biyu na sautin wurin zalla, ba magana ba motsi, domin shi ne shimfiɗar da ke ɓoye yankan hotuna. Rashin kafar abin sauraro aibi ne na gaske a nan. Dole a ɗauki daƙiƙa goma a sake kunnawa a ji kafin a fara aiki, domin wayar makirufo da ba ta shiga sosai ba takan cinye safiya guda ba a sani ba.

Batir, ƙura da zafi

Batirinta EN-EL20a ƙarami ne, awa ɗaya da 'yan mintoci yake yi a bidiyo, kuma yawan zuƙowa yana rage hakan. Fita ɗaya tana buƙatar uku. A cikin kyamarar ake cajinsa ta waya, wanda yake ɗaure ta a jikin soket, don haka a sayi caja ta daban, MH-29 ko mai aiki da pawa banki. Memori a nemi mai alamar U3 ko V30, gigabait 64 guda biyu sun fi 128 guda ɗaya. Jabun memori ya yi yawa, kuma alamarsa ita ce ɗauka ta tsaya da kanta ko fayil ya ƙi buɗewa. A cika sabon memori da bidiyo a gida a duba kafin a tafi da shi daji.

Gilashin da ke miƙewa yana komawa yana shaƙar iska, da ita da ƙurar da ke cikinta, kuma tunda ba a cire shi, ƙurar da ta shiga sai mai gyara. Da hunturu a goge jikin bututun da busasshen ƙyalle mai laushi kafin a kashe kyamarar ya koma ciki. Fuskar gilashi a fara hure ta da famfon roba kafin a goga, domin ƙurar hunturu tana karce shi. A kan babur ko a buɗaɗɗiyar mota a sa ta a leda a cikin jaka. Nikon ya ƙayyade mata aiki har zuwa digiri 40, baƙin jikinta kuwa a ranar bazara yana wuce haka nan da nan, sai ta kashe kanta. Farin ƙyalle a kanta yana taimakawa. Da damina a ajiye ta a roba mai murfi tare da ƙullin silika irin na kwalin takalmi, saboda fumfuna.

Mai sayen ta hannu ya zuƙo gilashin har ƙarshe ya dawo sau biyar yana sauraron ƙarar yashi, ya haska fitilar waya a cikinsa ya duba fumfuna, ya ɗauki farin bango da ƙofa 8 ya nemi ɗigon da ba ya motsi, sannan ya gwada kafar makirufo.

Yadda ake koyo da ita

Makon farko da na biyu ba sa buƙatar fita daga unguwa. A ajiye kaskon ruwa da tsabar gero mita 8 zuwa 10 daga inda za a zauna, rana tana bayanka, bayan kaskon kuma ya kasance da nisa daga bango domin ya narke. Kurciya, hasbiya da ƙadangare sun isa su koyar da saitin gani da auna haske. A kiyaye juya gilashin wajen gidajen maƙwabta, domin abin da ke ganin idon tsuntsu daga mita 50 yana ganin tsakar gidan mutane. Bayan haka sai garken shanu da balbelunsa a bayan gari, da izinin makiyayi, domin koyon bin abu mai tafiya. Gidan zu, irin na Audu Bako a Kano, wuri ne na koyon ɗaukar manyan dabbobi: idan aka matso da gilashi kusa da waya aka zuƙo, wayar takan ɓace daga hoto.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dawo da hotunan kusa zalla, kai da ido, kai da ido, waɗanda ba sa haɗuwa su zama labari. Kowace dabba tana buƙatar hoton wurin da take a 24 zuwa 50, da hotonta cikakkiya da abin da ke kewaye da ita, da na kusa, da wani abu na gefe kamar sawu a laka ko ganyen da take ci. Kowanne a riƙe shi daƙiƙa 15 aƙalla ba tare da taɓa kome ba. Idan dabba za ta fita daga hoto a bar ta ta fita, wannan fitar ce take ba mai tacewa wurin yanka. A nan faɗin zuƙowar P950 yake biyan kuɗinsa, domin duk waɗannan ana samunsu daga zama ɗaya ba tare da canja gilashi a cikin ƙura ba.

Sauran karatun a gaban kwamfuta yake. A kalli shirin namun daji na ƙwararru a kashe sauti, a ƙirga daƙiƙar kowane hoto da girmansa, sannan a haɗa minti ɗaya daga abin da aka ɗauka a kwatanta. DaVinci Resolve kyauta ne, kuma kamfanin Blackmagic Design yana ba da darussansa kyauta, amma yana son kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 16. Mai ƙaramar kwamfuta ya yi aiki da Shotcut ko CapCut, ya sa manhajar ta yi ƙananan kwafi na fayilolin 4K domin kada ta riƙa tsayawa. Fa'idar ɗauka a 4K a fitar a 1080 ita ce ana iya yanko tsakiyar hoto ninki biyu, a kuma gyara 'yar rawa, ba tare da asarar kaifi ba. Manhajar Merlin ta jami'ar Cornell tana taimakawa wajen gane sunan tsuntsu.

Sai an iya waɗannan ake kashe kuɗin mota. Dausayin Haɗeja da Nguru, wajen Baturiya da Dagona, yana cika da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai tun daga Nuwamba zuwa wajen Maris, kuma fili ne mai haske da ruwa, irin wurin da wannan kyamara take so. Yankari ta fi daɗin ɗauka a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji, sai dai lokacin ne kawalwalniya ta fi tsanani, don haka zagayen safe shi ne naka. A sansanin Wikki gwaggon biri yana fizgar jaka, kada a ajiye kaya a juya baya. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, manya ne kuma sun saba da ganin mutane, 200 zuwa 500 ya ishe su. Ko'ina ne a fara tambayar halin tsaron hanya, a tambayi kuɗin shiga da kyamara a ƙofa, a bi umarnin ɗan rakiya game da tazara da giwa, kuma a ƙauye a gaida mai unguwa a faɗa masa abin da ya kawo ka kafin a kafa tirafod. Kada a fito da ita kusa da shingen jami'an tsaro. Sheƙar tsuntsu mai ƙwai ko 'ya'ya a ɗauke ta daga nesa, in uwar ta tashi ta ƙi dawowa cikin 'yan mintoci a tattara a bar wurin.

Wanda aikinsa zai fi yawa a kurmi ko cikin ruwan sama, Panasonic FZ300 ta fi masa: ta tsaya a 600, amma ƙofarta 2.8 ce har ƙarshe kuma an toshe jikinta daga ƙura da yayyafi. Wanda tsuntsayen fadama da dabbobin fili ne a gabansa, P950 ce. Idan kuɗin bai kai a haɗa sabuwa da tirafod mai kan bidiyo, makirufo, filta ND16, batir biyu na ƙari da memori biyu ba, a sayi ta hannu mai lafiya a cika sauran kayan da canjin.